An ce anzim ɗin zuciyar jaririna ya hau, wa ya san kan wannan takarda?

Angon Ƙarni (Talata, bayan isha'i)
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya yi mana ƙaruwa ranar Lahadi da la'asar sakaliya, namiji, amma tun ranar ban runtsa ba. Maiɗakina ta fara naƙuda tun asubar Asabar. Cikin fari ne, manya suka ce a dakata, haihuwar fari haka take. Sai Lahadi da hantsi, da na ga ko magana ba ta iya yi, na tare adaidaita muka kai ta matanite. Da yaron ya faɗo bai yi kuka ba. Ina tsaye bakin ƙofa, ina jin takun mutane da sauri a ciki, babu kukan jariri. Daga baya aka ce mini sai da suka yi ta hura masa iska da ƴar jakar roba kafin ya ja numfashi. Suka wuce da shi ɗakin jarirai, oksijan a hanci, serom a hannu.

Jiya aka ɗebi jininsa, yau aka ba ni takardar. An rubuta CK 1,420, CK-MB 118, a gefe kuma an sa bai kamata CK-MB ya wuce 25 ba. Wani anfirmiye ya duba ya ce anzim na zuciya ne ya hau, in jira lokotoro da safe. Tun da na ji kalmar zuciya cikina ya ɗuri ruwa. Ban gaya wa uwar ba, takardar tana aljihuna. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi mini bayani. Ciwon zuciya aka haife shi da shi? Ana warkewa?

Maman Ƴan Biyu
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Kafin masu sani su zo, ƙanena, yaya yaron yake a ido? Yana kama nono? Yana fitsari?

Angon Ƙarni
Amin Yaya. Ba a sa shi a nono ba tukuna, tatsa take yi ana ba shi ta ɗan siririn tiyo. An rage oksijan tun jiya da dare. Yana motsa hannu da ƙafa, kukansa dai ƙasa-ƙasa ne. Yau an canza masa kunzugu sau uku.

Ɗan Labo
Malam, barka. Aikina ke nan, irin wannan takarda nake fitarwa kullum, to saurara da kyau. Lambar nan 25 da ka gani a gefe ta manya ce. Injin yana buga ta a kan kowace takarda, ta tsoho mai shekara 70 da ta jariri ɗan kwana ɗaya, bai san jinin wa aka ba shi ba.

CK wani sinadari ne da ke ƙunshe cikin tsoka, kowace tsoka, ta cinya da ta kafaɗa da ta zuciya. In tsoka ta sha matsa sai ya ɗiga cikin jini. Ka san buhun gero in aka ɗaure shi tamau a kan amalanke, in an isa kasuwa sai ka ga tsaba a ƙasa. Ganin tsabar bai nuna buhun ya fashe ba, ya dai nuna ya sha igiya. Jaririn da ya bi ta hanyar haihuwa an matse shi daga kai har ƙafa, shi ya sa ko lafiyayyen da ya faɗo da kuka CK ɗinsa kan ninka na babba sau da yawa a kwanan farko da na biyu, sannan ya yi ta sauka cikin satin. Ko allurar bitamin K da ake yi musu a cinya tana iya ƙara shi.

Shi kuma CK-MB, a jikin babba yawancinsa daga zuciya yake fitowa, dalilin da ake ce masa anzim na zuciya ke nan. A jariri ba haka ba ne, tsokar jikinsa ma tana ɗauke da shi fiye da ta babba. Ga wani abu kuma da sai mu na cikin labo muka sani. Hanyar awo mai sauƙin kuɗi, wadda muke amfani da ita a wurin aikina, ba ta ƙirga MB kai tsaye. Shi CK-MB ɓangare biyu ne, M da B. Tana toshe ɓangaren M, ta auna B da ya rage, ta ninka biyu. Jariri kuwa yana da wani nau'in, CK-BB, mai fitowa daga ƙwaƙwalwa da wasu sassa, sai ya shige cikin lissafin, lamba ta kumbura. Ni da za a bi ta tawa, da ba a ma riƙa rubuta wa ɗan kwana ɗaya wannan analiz ba. Tayar da hankalin iyaye ya fi amfaninsa yawa.

Bagobirin Tibiri
Yauwa, ga mai gaskiya ya hito. Ni dai na daɗe ina hwaɗin haka. Da can uwayenmu sunka haihe mu cikin ɗaki, wa ya auna muna wani anzim? Ɗiyata ta biyu ma ba ta yi kuka ba da wuri, ungozoma ta yayyahwa mata ruwa, ta tsala ihu, yanzu tana aji huɗu. Yau kuwa da ka tahi sai a miƙo maka takarda bisa takarda, kowace da kuɗinta. An ce tun 2006 maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma aljihun uba shi ka sanin gaskiya. Ango, tunda mai labo da bakinai ya ce ba kome, ɗauko ɗanka ka kai shi gida wurin kakanninai, ku yi shirin suna.

Ɗan Labo
A'a Malam, kar ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. Na ce lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Ban ce yaron ba shi da komai ba. Yaron da aka hura wa iska kafin ya numfasa, yana kan oksijan, ba a cire shi saboda maganata.

Mai Hayis
Ni tawa shawarar daban ce. Zuciya ba abin wasa ba ce. Kullum ina bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, Katsina nan kusa ce, Kano ma ba nisa. In har akwai shakka, a ɗauke shi gobe a kai shi inda manyan likitocin zuciya suke. Kujerar gaba na bar muku, ko dala ba na so.

Sajfam ta Sabon Gari
Allah ya saka maka da alheri Mai Hayis, niyyarka mai kyau ce, amma kar a yi haka. Jariri ɗan kwana biyu da ke kan oksijan, cikin sanyin nan, a sa shi a mota babu kwalbar oksijan, babu mai duba sukarinsa, ga tsayawa a iyaka, hanyar ce za ta gama da shi kafin a ga wani likita. In akwai buƙatar ɗauke shi, masu kula da shi ne za su rubuta, a tafi da shi cikin ambilans da ma'aikaci. Kuma a nan Maradi akwai likitocin yara, akwai eko, na'urar da ke nuna hoton zuciya.

Malam na Tibiri, ina girmama ka, amma waɗanda aka haifa cikin ɗaki ba su yi kuka ba suka rayu su ne kake gani suna yawo. Sauran suna maƙabarta, an ce ba su zo da rai ba, ko an ce wabi ne. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa. Minti ɗaya ake da shi. A tsane yaro da zane, a goga bayansa, in bai numfasa ba a sa masa jakar iska kafin mintin nan ya cika. Yayyafa ruwan sanyi, da riƙe ƙafa a juya kai ƙasa, da buga kwano kusa da kunne, duk cinye mintin nan suke yi.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin Ango ba takardar ba ce. Naƙudar kwana da yini ce a gida. Kowace tasowar naƙuda tana matse jijiyoyin da ke kai wa ɗa jini ta mabiyiya, sai ta lafa ya sarara. In abin ya yi tsawo, ko an sha jiƙon da ake cewa yana kawo haihuwa da sauri, matsar ta zo babu hutu, ɗa ya rasa iska tun yana ciki. Ba ina ɗora maka laifi ba ne ƙanena, na san matashi ba ya iya musu da iyaye mata a wannan rana. Amma masu karatu su ji: in naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, a taho. In ruwan ya zo kore-kore, ɗa ya yi kashi a ciki ke nan, ba a jiran gari ya waye.

Ango, duba karnen uwar, akwai inda aka rubuta Apgar, makin lafiyar jariri da ake ba shi bayan haihuwa, lambobi ne guda biyu ko uku, kowace bisa 10. Faɗa mana su.

Angon Ƙarni
Hajiya na gani. An sa 3, sannan 6, sannan 8. Maganarki kuma gaskiya ce, ba ta yi mini zafi ba. Da na sani da tun Asabar na kai ta.

Sajfam ta Sabon Gari
To na minti 1 ke nan, da na minti 5, da na minti 10. Ya sha wuya, amma ya farfaɗo da wuri, kuma wannan hawan daga 3 zuwa 8 ya fi mini daɗin gani. Ka je ka ci abinci ka kwanta. Ka kuma gaya wa uwar, ɓoye mata ba ya hana ta karanta fuskarka.

Inna ta Bagalam
Jikata ke rubuta mini. Ɗan nan, barka, Allah ya raya mana. Ni goma na haifa, bakwai suna raye. Ban san boko ba, ba zan yi musu da masu asibiti ba. Amma kar a manta da namu. A samo rubutu a ɗiga masa, a taɓa masa zamzam da dabino a baki, in ya dawo gida a ba shi bauri ya wanke cikinsa. Yaron da ya zo da wuya jikinsa a sake yake, sai an gasa shi da ruwan ɗumi. Kuma uwa ta sha kunun kanwa sosai nono ya zo. Yaro bai ƙoshi ba ina zai sami ƙarfin zuciya?

Maman Ƴan Biyu
Inna, Allah ya ƙara girma. Maganarki ta ƙarshe ita ce magana, nono shi ne ƙarfinsa. Sai dai ina roƙon arziki a kan ɗiga masa wani abu. Nawa biyun sun yi kwana 12 a ɗakin jarirai, na ga yadda ɗan da bai iya haɗiya ba yake shaƙewa da ɗigo ɗaya, ya shiɗe, ya yi baƙi. Addu'a a tofa masa, a shafa masa a ka, tana isa inda za ta. Ciki kuwa a bar wa dakashi da nono har wata 6. Kanwar ma a sassauta Inna, ita da wankan ruwa mai tsananin zafi likitoci sun daɗe suna cewa suna wahalar da zuciyar mai jego.

Mai Haƙuri
Ban cika magana a zauren nan ba, amma da na ga an ce a ɗauko yaro a tafi gida, na kasa yin shiru.

Nawa lafiya lau na haife shi, da kukansa, kwana ɗaya aka sallame mu. Ran kwana biyar ya fara sakin nono. Zai kama, ya ja sau uku ko huɗu, ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi alhali sanyi ake. Na ce wa uwar mijina yaron nan numfashinsa ya yi sauri, ta ce haka jarirai suke. Ran kwana shida na ɗaga rigarsa na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk in ya ja iska. Gida cike da baƙi, an sayi rago, ana daka. Aka ce a bari a yi suna gobe, jibi a kai shi. Na yi shiru saboda kunya, haihuwar fari ce, ba a so a ga kina rawar jiki a kan ɗan fari.

An raɗa suna da safe, da azahar tafin ƙafarsa ya yi sanyi, leɓensa ya canza. Da muka isa asibiti suka ce ƙwayar cuta ce ta kama naman zuciyarsa, ya kumbura, ba ya iya tura jini. Sun yi iya yinsu. Kwana biyu ya yi.

Shekara shida ke nan. Allah ya ba ni wasu biyu bayansa, amma har yau in na ji ana guɗa ranar suna sai gabana ya faɗi. Ɗan'uwa, naka yana hannun masu duba shi dare da rana. Kar ka cire shi don rago.

Mai Kula da Zaure
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ƙara miki haƙuri.

Bagobirin Tibiri
Allah shi jiƙan shi, ƴar'uwa. Na janye batun ɗauko yaro. Amma batun yawan takardu ina nan bisa bakana.

Likitar Yara (Laraba, da asuba)
Na fito gadi yanzu na tarar da zancen. Ba ni ke duba wannan yaro ba, ban gan shi ba, don haka abin da lokotoron da ke kansa ya faɗa shi ne gaba da nawa. Bayani kawai zan ƙara.

In ɗa ya rasa iska lokacin haihuwa, jikinsa yana da dabarar da Allah ya yi masa: yana janye jini daga fata da hanji da ƙoda da tsoka, ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa ƙoda kan riga zuciya jin jiki, shi ya sa kuma tambayar Maman Ƴan Biyu a kan fitsari tambaya ce ta likita. In rashin iskar ya daɗe, dabarar ta gaza, naman zuciya ma ya galabaita. Sai bugunta ya yi rauni, awon jini ya faɗi, wani lokaci ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na dama ya riƙa yoyo. Wannan ba shi ne ciwon zuciyar da ake haihuwar yaro da shi ba, irin na huda ko jijiya a juye, wanda ke samun kusan jariri 1 cikin 100. Wancan gini ne ya zo da matsala, kuma eko ke nuna shi, ba CK ba. Wannan kuwa gini lafiya lau, gajiya ce, kuma mafi yawan jariran da suka wuce kwanakin farko zuciyarsu tana komawa daidai cikin kwanaki ko ƴan makonni.

Babu maganin da ke sauke anzim, kuma ba a buƙatarsa. In wani ya kawo muku siro ko allura ya ce na wanke anzim ne ko na ƙarfin zuciyar jariri, kar ku saya. Anzim sawu ne, abin da ya taka ya riga ya wuce, jiki ne ke share shi da kansa. Aikinmu shi ne mu sauƙaƙa wa zuciya har ta huta: oksijan daidai gwargwado, serom da awo don in ya yi yawa nauyi ne a kanta, sukari kar ya faɗi, jiki kar ya yi sanyi kar kuma ya yi zafi, maganin ƙwayoyin cuta in ana zarginsu, in awon jini ya faɗi a sa maganin da ke taimaka wa bugu ta cikin serom. Don haka kar wani ɗan'uwa ya ga serom yana ɗiga a hankali ya murɗa shi don ya yi sauri. Na taɓa gani.

Abin da nake dubawa kafin takarda: bugun zuciya, wanda a jariri yake tsakanin 120 da 160 a minti in yana farke, numfashi 40 zuwa 60, launin leɓe da harshe, ɗumin tafin ƙafa, girman hanta in na taɓa ciki, fitsari, da yadda yake tsotsa. In waɗannan suna gyaruwa, lamba ba ta hana ni barci. In suna lalacewa, ko lamba ta yi kyau ba na sakin jiki.

Zan faɗi abu guda da ba a so a ji. A yaron da ya makara bai numfasa ba, zuciya ba ita ce babbar damuwata ba, ƙwaƙwalwa ce. Kwana ukun farko muna tsaron jijjiga, kuma ta jariri ba lallai ta zo da karkarwa ba: ƙifta ido ba tsayawa, taune-taune, ƙafa kamar yana tuƙa keke, ko ya ɗauke numfashi. In ya wuce wannan lafiya, ya kama nono da kansa cikin satin farko, alama ce mai kyau ƙwarai. Amma bibiya ba ta ƙarewa ranar sallama.

Labarin Mai Haƙuri wani abu ne daban, kumburin naman zuciya da ƙwayar birus ke kawowa, yakan zo bayan ɗa ya yi kwanaki lafiya, kuma ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Alamomin da ta lissafa, ku sake karanta su. Ta faɗe su fiye da yadda zan faɗa.

Ɗan Labo
Likita, to ashe kin yarda da ni, CK-MB a ɗan kwana ɗaya ɓata kuɗi ne. Toroponin, wani awon jini na zuciya, ya kamata a yi in ma za a yi.

Likitar Yara
Rabi na yarda. Toroponin ya fi shi nuna zuciya, gaskiya ne, don nau'in da ake aunawa na naman zuciya ne. Amma shi ma lafiyayyen jariri yakan fi babba yawansa a kwanakin farko, in ka auna shi da ma'aunin manya ka sake tayar da hankalin wani uban. Yana kuma daɗewa a jini, har sati ɗaya zuwa biyu, ko zuciya ta riga ta murmure. Sannan ba kowane labo ke da shi kullum ba, kai ka fi ni sani. Inda babu, CK-MB guda biyu da tazarar kwana biyu ko uku suna nuna mini inda aka dosa. Guda ɗaya ne ba ya faɗin komai. In kuma na ga CK ya kai dubbai masu yawa a ɗa namiji ya ƙi sauka bayan makonni, tunanina ya bar zuciya ya koma ciwon tsoka na gado.

Ɗan Labo
Na ji, amma ni a ganina kuɗin awo biyun gara a tara su a yi eko ɗaya. Abin da ba mu saɓa a kai ba shi ne takardar jariri ta daina fita da ma'aunin manya. Zan kai maganar gaban shugabanmu.

Angon Ƙarni (Laraba, da azahar)
Na ga lokotoro. Kusan abin da Likita ta rubuta shi ya faɗa, har ya zana mini zuciya a bayan ordonas. Ya ce za a sake awo Juma'a, a yi eko. Bai yi jijjiga ba ko sau ɗaya, alhamdu lillahi. Na gaya wa uwar, ta yi kuka, ta ce dama ta san akwai abin da nake ɓoyewa.

Yanzu matsalata gida ce. Lokotoro ya ce ba ya jin za a sallame mu kafin Lahadi. Surukata ta ce ba a taɓa suna babu jariri babu mai jego ba a danginsu, mutane daga Madarumfa da Gidan Rumji an riga an gaya musu.

Malamin Zaure
Wannan mai sauƙi ne. Ranar bakwai a yanka rago, a raɗa suna, a yi addu'a, a rarraba nama. Babu sharaɗin sai jariri yana cikin gidan. Aski ya jira har ya fito. Taron mata kuma al'ada ce, ana iya ɗaga shi zuwa ranar da mai jego ta dawo. In surukarka tana so, ka haɗa ni da ita ko da limamin unguwarku, daga bakin babba za ta fi karɓa.

Inna ta Bagalam
Ɗan nan, ka ce mata wata tsohuwa a Bagalam ta ce ta yi haƙuri. Taro ana sake shi. In ta ƙi, ka kawo ni gidan.

Angon Ƙarni (Juma'a, bayan magariba)
Jama'a, alhamdu lillahi. An cire oksijan tun jiya da safe. Da la'asar aka miƙa wa uwar shi, ya yi ta lalube da baki, sai ya cafke. Ta ce da ta ji jan farko har cikin bayanta ta ji shi. An cire tiyon yau.

CK-MB ya dawo 41, CK 390. Eko kuma na tsaya a kai, na ga abin yana buɗewa yana rufewa a allo, ɗan mitsitsi, da sauri kamar fiffiken tsuntsu. Mai dubawa ya ce ɗakuna huɗu daidai, jijiyoyi a wurinsu, sai ɗan yoyo a ƙyauren dama wanda yake sa ran zai tsaya da kansa. Za a sake dubawa bayan sati shida. Surukata ta sauko, Malam ya yi mata magana.

Mai Hayis
Allahu akbar. To kujerar tana nan, ranar sallama ni zan kai ku gida.

Inna ta Bagalam
Madalla. To in ya fito wanzami zai zo, a cire masa belu ko? Kar ya hana shi shan nono.

Likitar Yara
Inna, don Allah a bar masa belunsa. Kowa da shi aka halicce shi, ba ya hana tsotso. Yaron da zuciyarsa ke murmurewa ba shi da jinin da zai zubar, ga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Aski kawai, da sabuwar reza.

Ango, in kun koma gida: ɗumi a jikin uwa, ƙirji da ƙirji, hula da safa, ba kaskon garwashi a rufaffen ɗaki ba. In yana barci ka ɗaga riga ka ƙirga numfashi minti guda cur da agogon salula. In ya kai 60 ko ya wuce, ka sake ƙirgawa, in haka ne ku taho ko tsakar dare ne. Haka in ya ƙi nono, ko haƙarƙari na lotsawa, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. A yi masa BCG da ɗigon shan inna kafin ku fita, wannan abin bai hana rigakafi ba. Sannan ku riƙa lura: murmushi wajen wata 2, riƙe wuya wajen wata 3 zuwa 4, zama tsakanin wata 6 da 9. In wani ya makara, ko ka ga jikinsa yana sanƙarewa, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, kar a jira, gashi da motsa jiki tun da wuri suna taimakawa sosai.

Angon Ƙarni (bayan arba'in)
Assalamu alaikum. Na ga saƙonnin masu tambaya, ku yi haƙuri, hidima ce ta yi yawa. Kwana 9 muka yi aka sallame mu. Jiya muka koma randebu. Yoyon ya tsaya, mai eko ya ce ba sai mun sake dawowa wurinsa ba. Ba a sake ɗibar jini ba, lokotoro ya ce babu dalili. An yi masa allurar sati shida, ya kwana yana ƙananan kuka, da safe ya ware. Kilo 3.1 aka haife shi, jiya 4.4. Wurin likitan yara kuma za mu koma in ya cika wata 3 a duba wuya.

Ƴar'uwa Mai Haƙuri, maiɗakina ta ce in gaishe ki. Kowane dare sai ta ɗaga rigarsa ta ƙirga.

Mai Haƙuri
Ina amsawa. Nawa take samu?

Angon Ƙarni
Daren jiya 44.

Inna ta Bagalam
Ya fara murmushi?

Angon Ƙarni
Uwar ta ce ya yi mata shekaranjiya, ni dai ban gani ba tukuna Inna. Ranar Juma'a in an sauko masallaci za mu kawo miki shi.